Iska tana da nauyi: abin da ke hana injin garka jan ruwa



Wani mai garka daga bakin gulbin Maraɗi ya kawo mana wata tambaya wadda ta dami mutane da yawa. Ya ce da ya sayar da albasarsa sai ya sayi injin ban ruwa. Duk lokacin sanyi injin ya yi aiki lafiya lau. Da bazara ta shigo, ruwan rijiya ya ja baya, sai injin ya riƙa kuka, tiyo kuwa ba ya fitar da ko ɗigo. Ya kai shi wurin mai gyara, aka kwance, aka ɗaura, aka ce lafiyarsa ƙalau. Ya ƙaro tiyo mai tsawo har bakinsa ya nutse cikin ruwa, duk a banza. Ga tumatir da tattasai suna yaushi, ga kuɗin esansi suna tafiya. Shi ne yake tambaya: ko ya ci bashi ya sayi babban inji?

Amsarmu ita ce ya dakata tukuna. Komi girman inji, in dai a bakin rijiya aka ajiye shi, ba zai tsotso ruwan da zurfinsa ya wuce mita 10 ba, wato kamar gaba biyar da rabi. Wannan iyaka iskar da muke shaƙa ce ta sa ta. Kuma iyakar tana raguwa idan aka hau tudu. Domin mu gane dalili, sai mu fara daga tushe.

Iska kaya ce mai nauyi

Idan muka leƙa tulu muka ga ba ruwa, mukan ce ba komi a ciki. Alhali cike yake da iska. Ba mu ganinta da ido, amma muna ganin aikinta ran da hadari ya yaye rufin kwano, ko ya kwantar da dawa a gona.

Masana sun auna nauyinta. A ce ɗaki ne mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, tsayi mita 3. Iskar da ke cikinsa ta kai kilo 50, nauyin buhun siminti guda. Wannan fa ɗaki ɗaya ke nan. Bisa rufin ɗakin akwai wata iska, bisa ita akwai wata, haka har kilomita masu yawa zuwa sama. Ƙasa tana jawo kowane abu zuwa gare ta, shi ya sa mangwaro in ya tsinke yake faɗowa. Haka take jawo iska, ta riƙe ta, ta hana ta watsewa. Mu kuwa a ƙarƙashin wannan tarin iska muke zaune, kamar yadda kifi yake zaune a ƙarƙashin ruwa.

Dannin da wannan tari yake yi shi ake kira matsin iska. A bakin teku, ɗan wuri mai tsawon santimita 1 da faɗin santimita 1, kamar farcen ƙaramin yatsa, yana ɗauke da dannin kilo 1. Tafin hannun babban mutum yana ɗauke da kusan kilo 100, buhun hatsi cur.

Mai karatu zai ce: to don me ba na jin wannan nauyi? Domin iska ba daga sama kaɗai take dannawa ba. Tana danna tafin hannu, tana danna bayansa, tana danna gefensa. Kuma iska da jinin da ke cikin jikinmu suna turawa waje daidai da yadda ta waje ke turowa ciki. Ƙarfi biyu sun yi daidai, shi ya sa ba a jin komi. Sai an rage ɗaya ne ƙarfin ɗayan yake bayyana.

Wanzami ya daɗe da sanin haka, ko da bai ba abin suna ba. Yakan ɗora ƙaho a bayan mutum, ya tsotse iskar ciki ta ƙaramar kafa, ya toshe kafar. Nan da nan ƙaho ya manne, fata ta kumbura ta shiga ciki. Me ya manne shi? Iskar ciki ta ragu, ta waje kuwa tana nan da ƙarfinta, ita ce ke danna ƙahon a jiki. Da ya buɗe kafar iska ta koma, sai ƙaho ya saki. Tun da maganar wanzami ta zo, a tuna cewa askar da ta tsaga wani ba a tsaga wani da ita, domin ciwon hanta da sida suna bin jini.

Inji ba ya jan ruwa, iska ce ke tura shi

Aikin injin garka ɗan uwan aikin ƙaho ne. Inji yana rage matsin da ke cikin tiyo. Iskar waje kuwa tana danna fuskar ruwan rijiya da dukan nauyinta. Ruwan da aka danna sai ya nemi hanyar da ba danni, ya hau cikin tiyo. Ashe mai ɗaga ruwan daga rijiya zuwa inji ita ce iska, inji buɗe masa hanya kawai yake yi.

Amma ƙarfin iska yana da iyaka. Ruwan da ya hau cikin tiyo shi ma yana da nauyi. Idan tsayinsa ya kai mita 10 da ɗan ɗoriya, nauyinsa ya yi daidai da dannin iska, kamar sikeli da hannuwansa biyu suka daidaita. Daga nan ba ya ƙara hawa, ko da an kwashe iskar tiyo ƙaf. Wannan lissafin takarda ne. A garka ba a kaiwa nan, domin ruwa yana gogar jikin tiyo, mahaɗai suna shan iska, inji kuma ba ya iya kwashe iska duka. Yawancin injinan garka suna gajiya a mita 7 zuwa 8, wato wajen gaba huɗu.

Ba yau aka fara wannan tambaya ba. Kusan shekara 400 da suka wuce, masu aikin famfo a ƙasar Italiya sun lura ruwa ba ya wuce wannan tsayi, komi kyan famfo. Babban masaninsu Galile ya rubuta maganar cikin littafinsa a 1638, amma bai gano ainihin dalili ba. Almajirinsa Toricelli ne ya warware ta a 1643. Ya yi amfani da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli da masu haƙar zinariya suka sani, wanda kuma guba ne ga mai shaƙar tururinsa. Zaiba ta fi ruwa nauyi sau 13 da rabi. Toricelli ya cika doguwar kwalba siririya da ita, ya toshe bakin da yatsa, ya kifa ta cikin kwano mai zaiba, ya cire yatsa. Zaibar ta sauko kaɗan, ta tsaya a tsayin santimita 76, ta ƙi zubewa. Ya ce nauyin iskar da ke danna kwanon ne ya riƙe ta. Mai son lissafi ya ɗauki alƙalami ya ninka 76 sau 13 da rabi. Zai sami santimita dubu da ƴan kai, wato mita 10 ɗin nan na masu famfo. Wannan kwalba ita ce ma'aunin matsin iska na farko, wanda ake kira baromita.

Me ya sa matsin ke raguwa a kan tudu?

Mutane da yawa ba su yarda da Toricelli ba. Sai wani masani ɗan Faransa mai suna Paskal ya ce akwai hanyar raba gardama. In da gaske nauyin iska ne ke riƙe zaiba, to a kan dutse dole ta sauko, domin iskar da ke bisa mai hawa ta ragu. A watan Satumba na 1648 mijin ƴar uwarsa ya ɗauki kwalba da zaiba ya hau wani dutse a tsakiyar Faransa. Ya bar wata kwalbar a gindin dutsen, da mutum yana tsaronta. Da ya hau wajen mita 1,000, zaibarsa ta sauko da kusan santimita 8. Ta ƙasa kuwa ba ta motsa ba duk yinin. Gardama ta ƙare.

Dalili na farko mai sauƙi ne. Ku dubi buhunan hatsi da aka jera a sito, ɗaya bisa ɗaya har goma. Na ƙasa yana ɗauke da tara. Na tsakiya yana ɗauke da huɗu ko biyar. Na sama ba ya ɗauke da komi. Wanda ya hau dutse ya baro wani kashi na iska a ƙarƙashinsa, wanda ya rage bisa kansa kaɗai ke danna shi.

Akwai dalili na biyu, kuma a nan misalin hatsi ya gaza. Buhun hatsi ba ya matsewa, iska kuwa tana matsewa. Gara mu kwatanta ta da tarin auduga a kasuwa. Ta ƙasa ta danne ta yi tauri saboda nauyin ta sama. Ta sama kuwa sakwa-sakwa take. Kwando ɗaya na audugar ƙasa ya fi kwando ɗaya na ta sama nauyi. Haka iska take: kusa da ƙasa ta yi kauri, can sama ta yi shara-shara. Saboda haka matsin yana raguwa da sauri a farkon hawa, sa'an nan ya riƙa raguwa a hankali. Kashi 3 cikin 4 na dukan iskar duniya yana cikin kilomita 11 na farko. In da a shimfiɗe take, tafiyar awa biyu da rabi ce a ƙafa. Bargon da ya lulluɓe mu bai kai kaurin da muke zato ba.

Ana auna tsayin kowane gari daga fuskar teku. Mu ɗauka matsin bakin teku 100 ne. Yamai tana wajen mita 200 bisa teku, matsinta 97 zuwa 98. Maraɗi da Tawa ba su kai mita 400 ba, nasu wajen 96. Damagaram ta ɗan haura mita 450, nata wajen 95. Bambancin kaɗan ne, shi ya sa mai zuwa Damagaram daga Yamai ba ya jin komi a jikinsa. Wuri mafi tsayi a Nijar yana kan dutsen Bagazam, a ƙasar Abzin, jihar Agadas. Tsayinsa mita 2,022. A can matsin bai kai 80 ba, kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. A mita 5,500 rabi ne ya rage. A kan Eberes, dutsen da ya fi kowane tsayi a duniya, mai mita 8,849, kashi ɗaya cikin uku ne kawai.

Garka da tukunya a kan dutse

Mutanen Abzin manoman garka ne na gaske. Albasarsu da tafarnuwa da dankalin turawa suna isa kasuwanninmu na kudu, lemo da rumman na Timiya kuma sun yi suna. Su raguwar matsin iska a aikinsu na kullum take. Kowane mita 1,000 da aka hau, ruwan da iska ke iya turawa cikin tiyo yana raguwa da fiye da mita 1. Injin da ke tsotso mita 7 a Yamai, a garkar da ke mita 1,500 sai ya tsaya wajen mita 5 da rabi. Ga kuma wata asara: injin esansi yana buƙatar iska kafin ya ƙona mai. Inda iska ta yi shara-shara ƙarfinsa yana raguwa, kusan kashi 10 cikin 100 a kowane mita 1,000. Direbobi sun san haka a kan manyan duwatsu.

Tukunya ma tana ji. Ruwa yana tafasa ne idan tururinsa ya sami ƙarfin ture iskar da ke danna shi. A bakin teku sai zafi ya kai digiri 100. Inda dannin ya ragu, tururi yana samun hanya da wuri. Kowane mita 300 ana rasa wajen digiri 1. A ƙwanƙolin Bagazam ruwa yana tafasa a digiri 93. Uwargida za ta ga tukunya tana ɓararraka ta ce wuta ta yi, alhali zafin bai kai na gida ba. Wake da nama sai su daɗe ba su nuna ba, itace ya ƙare. Ƙara wuta ba ya ƙara zafin ruwan da ya riga ya tafasa, ƙone shi kawai yake yi. Dabara ita ce a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya da marfi mai kyau. Ruwan sha kuwa, ko a kan dutse tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta. A bar shi ya yi minti uku yana tafasa domin hankali ya kwanta.

Sanyin tudu ma yana da alaƙa da wannan. Iskar da ta hau sama tana samun sarari, ta buɗe, in ta buɗe kuwa sai ta huce. Ana rasa wajen digiri 6 a kowane mita 1,000. Shi ya sa dankalin turawa ke jin daɗin Abzin, kamar yadda yake jin daɗin tudun Jos a Najeriya.

Numfashi da kunne

A cikin iska akwai wani sashe da ake kira oksijen, shi ne jini ke ɗauka daga huhu ya kai wa dukan jiki. Cikin kashi 100 na iska, 21 oksijen ne, ko a bakin teku ko a kan dutse. Rabon ba ya sakewa. Abin da ke sakewa shi ne kaurin iskar. Numfashi ɗaya a kan tudu yana shigo da oksijen kaɗan, kamar kunun da aka tsinka da ruwa: ludayi ɗaya ne, amma ba ya ƙosarwa kamar mai kauri. Sai jiki ya rama ta hanyar yawan numfashi da saurin bugun zuciya. In mutum ya yi makonni a can, jikinsa yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Wannan yana cikin dalilan da suka sa masu tseren gudu suke zuwa yin horo a tuddan Habasha da Kenya. Adis Ababa, babban birnin Habasha, ta haura mita 2,300.

Wanda ya hau sama da mita 2,500 da gaggawa yana iya kamuwa da ciwon tudu: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Maganinsa a daina hawa, in ya tsananta a sauko. A Nijar ba mu da dutse mai wannan tsayi, saboda haka mai lafiya ba shi da abin tsoro a nan gida.

Inda yawancinmu za su haɗu da wannan al'amari shi ne cikin jirgin sama, musamman alhazai. Manyan jirage suna tafiya a mita 10,000 zuwa 12,000, inda matsin iska kashi ɗaya cikin huɗu ne ko ƙasa da haka. Mutum ba zai daɗe cikin hayyacinsa a can ba. Shi ya sa ake rufe jirgi ruf, ana tura iska ciki. Duk da haka ba a maida matsin kamar na ƙasa. Ana barinsa kamar na dutse mai mita 2,000 ko ɗan fiye. Wato alhajin da ya tashi daga Yamai, cikin rabin awa jikinsa ya zama kamar yana kan Bagazam.

Kunne ne ke fara ba da labari. Bayan fatar dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, da wata siririyar hanya da ta haɗa shi da maƙogwaro. Idan matsin waje ya sake, iskar ɗakin ba ta daidaita nan take ba, sai fatar ta miƙe, kunne ya toshe ko ya yi zafi. An fi jin haka wajen sauka. A haɗiye miyau, a yi hamma, ko a tauna wani abu, hanyar za ta buɗe. Jariri a ba shi nono lokacin da jirgi ke sauka. Mai mura ya fi shan wuya, domin hanyar tasa a kumbure take. Mai son gani da ido ya shanye ruwan gorar roba a sama, ya rufe ta tam. Kafin jirgi ya taɓa ƙasa zai ga ta lotse, kamar an matse ta da hannu.

Akwai waɗanda abin ya wuce toshewar kunne gare su. Masu amosanin jini, ciwon da ake kira sikila, ƙarancin oksijen yana iya tayar musu da ciwo. Haka masu ciwon zuciya, da masu ciwon huhu, da wanda jininsa ya yi ƙaranci ƙwarai, da mace mai tsohon ciki. Waɗannan su je gidan likita su faɗi tafiyar da za su yi tun kafin a yanki tikiti. Mai amosanin jini ya yawaita shan ruwa a hanya, ya rufe jikinsa saboda sanyi.

Mu koma ga mai garka

Abu na farko, ya ɗauki igiya ya auna daga inda inji yake zaune zuwa fuskar ruwa. A miƙe ake aunawa, daga sama zuwa ƙasa. Tsawon tiyo ba shi ne ma'auni ba, kuma zurfin da bakin tiyo ya nutse cikin ruwa ba ya cikin lissafi. Ya auna lokacin da inji ya ɗan yi aiki, domin ruwa yakan ƙara sauka in ana ɗiba. In bai kai mita 6 ba, laifin yana wani wuri. Ya duba ko tiyo ya huje, ko mahaɗi yana shan iska, ko marfin bakin tiyo na ƙasa, mai hana ruwa komawa, ya lalace. Kafa kamar ta allura ta isa ta ɓata aiki, kamar yadda ƙaho mai tsaga ba ya kamawa. Ya tabbata kuma ya cika inji da tiyo da ruwa kafin ya tayar.

In ya haura mita 7, babban inji ba zai fisshe shi ba. Sai dai a kusantar da inji ga ruwa. Tsotsa ce ke da iyakar mita 10, turawa ba ta da wannan iyaka. Inji ɗaya da ya kasa tsotso mita 8 yana iya tura ruwa sama mita 20 ko fiye. Saboda haka masu garka da yawa suke haƙa rami mai faɗi a gefen rijiya, mai zurfin mita 2 ko 3, su ajiye inji a ciki. Famfunan ƙauye masu ɗebo ruwa daga mita 40 da wannan hikima suke aiki: abin da ke ɗaga ruwan yana can ƙasa cikin ruwa, daga can yake turo shi. Haka ma famfon da ke aiki da hasken rana, wanda ake zurawa cikin rijiya.

Sai dai ramin inji yana da haɗarin da ya ci rayuka. Hayaƙin injin esansi yana ɗauke da wata guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. A fili iska tana kwashe ta. A cikin rami ko rijiya taruwa take yi. Mutum yakan ji kansa ya yi nauyi, ƙafafunsa su mutu, ya faɗi kafin ya iya hawowa. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. Saboda haka ramin ya zama mai faɗin baki, a buɗe, da matakala. A sa wa inji dogon bututun ƙarfe mai fitar da hayaƙi waje. Kada kowa ya tsaya cikin rami inji yana aiki, kada a zura inji mai aiki cikin rijiyar da mutum yake ciki. In an kashe inji a jira hayaƙi ya fita kafin a sauka, kuma mai sauka ya ɗaura igiya a ƙugu, da mutum biyu a sama suna riƙe da ita. Yara kuwa a hana su zuwa kusa da ramin sam.